Mai Ƙin Bin Rinjaye A Kotunan Ingila Da Amurka

A kotunan Ingila da Amurka, idan laifi babba ne, ba alƙali ke cewa wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Wannan aikin wasu mutane goma sha biyu ne da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira juri, wato masu taya alƙali yanke hukunci. Alƙali yana bayyana musu doka, su saurari shaidu, sa'an nan su keɓe a wani ɗaki su yi shawara. Tun a shekarar 1367 kotunan Ingila suka tsayar da cewa ba a karɓar hukuncinsu sai bakinsu ya zo ɗaya. Daga nan aka gaji wata matsala: yaya za a yi da wanda ya tirje, ya ƙi bin sauran?

Maganin da mutanen dā suka sani shi ne matsi. Akan kulle 'yan juri ba ci ba sha har sai sun daidaita, in kuma hukuncinsu bai yi wa alƙali daɗi ba, yana iya cin su tara. Shari'ar da ta kawo ƙarshen cin tarar ta faru ne a birnin Landan a 1670.

A wannan shekara majalisar Ingila ta sabunta dokar da ta hana taron ibada da bai bi tsarin cocin gwamnati ba. Da aka rufe wurin ibadar 'yan ɗariƙar Kwaka, sai William Penn, matashi ɗan shekara 25, ya yi wa'azi a titin Gracechurch ranar 14 ga Agusta. Aka kama shi tare da William Mead, aka gurfanar da su a kotun Old Bailey a farkon Satumba bisa zargin haramtaccen taro da ta da zaune tsaye. Da 'yan juri suka shiga shawara, takwas suka yarda a kama su da laifi, huɗu suka ƙi. Alƙalai suka ɗora alhakin taurin kan a wuyan ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, suka yi masa barazana a bainar jama'a.

Barazanar ba ta yi amfani ba. Da aka sake tura su, sai suka dawo da cewa abin da suka samu Penn da shi kawai shi ne yin magana a titin Gracechurch, wanda kuwa ba laifi ba ne a doka. Kotu ta tsare su dare biyu babu abinci, babu ruwa, babu wutar jin ɗumi. A ƙarshe dukkansu goma sha biyu suka wanke mutanen biyu. Nan take aka ci kowane ɗan juri tara, aka kai su kurkukun Newgate har sai sun biya. Takwas suka biya suka koma gida. Bushel da wasu uku suka ƙi, suka nemi babbar kotu ta binciki dalilin tsare su.

A watan Nuwamba, babban alƙali John Vaughan ya ba da umarnin a sake su. Hujjarsa ita ce, mutum biyu masu gaskiya suna iya jin shaida ɗaya su fahimce ta daban, kuma idan alƙali zai tilasta wa juri bin ra'ayinsa, to zaman juri ba shi da amfani. Tun daga ranar, ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya yanke.

Sai dai wannan 'yanci ya zo da nasa nauyin. Tunda ba a iya tilasta wa mai tirjewa, shari'a tana iya watsewa ba tare da hukunci ba. A 1824, a shari'ar Josef Perez, Kotun Ƙolin Amurka ta ce idan juri ya kasa daidaitawa, alƙali yana iya sallamarsu a sake shari'ar daga farko, kuma wannan bai saɓa wa ƙa'idar da ta hana gurfanar da mutum sau biyu kan laifi ɗaya ba. Ke nan shaidu za su sake dawowa, dangin wanda aka zalunta su sake jira, wanda ake tuhuma kuma ya ci gaba da zaman zullumi. A 1896 kotun ta kuma amince alƙali ya ja hankalin marasa rinjaye su sake auna matsayinsu, ba tare da ya umarce su da su sauya ba.

Wasu wuraren sun zaɓi su rage wa mutum ɗaya wannan ƙarfi, bisa tunanin cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1967 Ingila ta halatta hukuncin mutum goma cikin goma sha biyu, bayan sun shafe aƙalla awa biyu suna shawara. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron kada manyan masu laifi su sayi mutum ɗaya ko su tsorata shi. A jihar Louisiana ta Amurka kuwa, niyyar daban ce. Tsarin mulkin jihar na 1898 ya yarda da hukuncin mutum tara cikin goma sha biyu, kuma waɗanda suka rubuta shi ba su ɓoye cewa burinsu tabbatar da fifikon farar fata ba ne. Ta haka, ko an sami baƙar fata ɗaya ko biyu a cikin juri, ana iya yanke hukunci ba tare da muryarsu ba. Daga baya aka ɗaga adadin zuwa goma. Jihar Oregon ma ta ɗauki irin wannan tsari a 1934.

Kotun Ƙoli ta bar tsarin yana aiki a hukuncinta na 1972. Sai a ranar 20 ga Afrilu, 2020, alƙalai shida cikin tara suka soke shi a shari'ar Evangelisto Ramos, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai kan kisan kai a New Orleans bayan mutum goma sun ce ya aikata, biyu sun ce ba su gamsu ba. A kusan kowace jiha ta Amurka, da shari'ar watsewa za ta yi a wannan mataki, amma a Louisiana ta lokacin ba a lissafa ƙuri'ar mutanen nan biyu ba.

Ingila da Amurka sun gaji ƙa'ida ɗaya daga shari'ar Bushel, amma a yau sun rabu: Ingila ta yarda a tsallake mutum biyu don kada shari'a ta lalace, Amurka kuwa ta gwammace shari'a ta watse da a ɗaure mutum alhali akwai ɗan juri mai shakka. Shi kuwa Ramos, an sake yi masa shari'a a 2023, kuma sabon juri ya wanke shi baki ɗaya.