Gidan da Aka Gina a Kan Ginshiƙi Ɗaya

Birnin Los Anjalas, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, yana shimfiɗe ne a gindin duwatsu. Da mutane suka yawaita, filin kwance ya yi tsada, sai masu son gida suka fara hawa gangaren tuddai. Dabarar da magina suka saba da ita a lokacin ita ce su kawo motar ture ƙasa ta yanke gefen tudu, a baje wurin, a tokare shi da bangon siminti, sa'an nan a yi gini kamar yadda ake yi a fili. Wannan aiki yana cin kuɗi ƙwarai, kuma yana da hatsari, domin ƙasar da aka tona aka cike ba ta da ƙwarin ta asali. In ruwan sama ya jiƙa ta da yawa takan zame. Ga shi kuma yankin nan wuri ne na girgizar ƙasa.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 wani saurayi injiniya, mai aiki a masana'antar jiragen sama, ya sami kyautar fili daga surukinsa a tuddan Holiwud. Kyauta ce da mutane da yawa za su yi godiya su bar ta nan, gama gangaren ya kai digiri 45, watau in mutum ya matsa gaba ƙafa ɗaya, ƙasa ta ɗaga sama ƙafa ɗaya. Aka ce wurin ba ya ginuwa. Injiniyan kuwa yana da iyali, kuɗinsa kuma ba su da yawa. Sai ya kai maganar wurin John Lautner, wani mai zanen gine-gine da aka haifa a 1911, wanda ya yi shekara shida yana koyon aiki a hannun mashahurin nan Frank Lloyd Wright.

Lautner ya ƙi taɓa tudun sai a wuri guda. Ya sa aka haƙa rami aka zuba tushe na siminti da ƙarfe, faɗinsa kusan ƙafa 20, kaurinsa ƙafa 3, aka binne. A kansa aka tsayar da ginshiƙi ɗaya tak, kaurinsa ƙafa 5, tsayinsa kusan ƙafa 30. Daga jikin ginshiƙin aka fitar da tokare takwas na ƙarfe, kamar haƙarƙarin laima, su ne suka ɗauki daɓen gidan. Gidan kansa mai kusurwa takwas ne, hawa ɗaya, an kewaye shi da tagogin gilashi. Mai kallo daga ƙasa sai ya ga kamar faifai ne aka ɗora a kan tabarya.

Hikimar abin a nan take: nauyin gida duka yana gangarowa ta hanya ɗaya zuwa ƙasa mai ƙwari. Ruwan sama yana bin gangarensa yadda ya saba, ba bangon da zai tare shi har ya taru ya yi ɓarna. Itatuwa da ciyayin da saiwoyinsu ke riƙe ƙasa kuma aka bar su inda suke. Saura wahalar isa gida. Mota ba ta hawa wurin, saboda haka aka shimfiɗa ɗan gajeren dogo a jikin tudun, da ƙaramin tarago wanda igiyar ƙarfe ke ja sama. Da shi ake kai mutane da cefane.

An gama ginin a 1960, ya ci wajen dala 140,000, abin da ya fi ƙarfin aljihun mai gida nesa. Kamfanoni biyu ne suka tallafa, na gas na kudancin Kalifoniya da wani mai yin gam da abin toshe tsaga, mai suna Chem Seal. Daga sunan na biyun gidan ya sami nasa, Chemosphere.

Mai gidan ya zauna ciki da iyalinsa har 1972, sa'ad da hidima ta yi masa yawa ya sayar. A 1976 'yan fashi suka kashe wanda ya saya a cikin gidan. Daga nan ya shiga hannun 'yan haya masu shagali, cikinsa ya lalace. Ginshiƙin kuwa bai gaza ba, har babbar girgizar ƙasar da ta rushe gidaje da gadoji a birnin cikin Janairu 1994 ta wuce ta bar shi tsaye. Lautner ya rasu a wannan shekara. A 1998 Benedikt Taschen, wani Bajamushe mai buga littattafai, ya sayi gidan ya sa aka gyara shi, kuma a 2004 hukumar birnin ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ke karewa.