Ganuwar Bilkisu a dajin Ijebu

Duk wanda aka haifa a Shagamu kamar ni ya sha jin iyayenmu suna alfahari da badalar Kano, sai ka ɗauka daga can babu wata ganuwa a duniya. To ga wata nan kusa da mu, Yarbawa suna kiranta Eredo, amma da wuya ka sami yaron Sabo da ya taɓa ganinta.

Na je ne ta wani ƙauye da ke hanyar Ijebu-Ode zuwa Epe, wani manomi ya shige mini gaba. Daga bakin titi ba ka ganin komai sai kurmi. Sai kawai ƙasa ta yanke a gabanka, ga wawakeken rami, gefensa a tsaye car kamar an yanka da wuƙa, jar ƙasa duk gansakuka ta rufe ta. Muka gangara ciki, sanyi kamar cikin randa. A wasu wurare daga gindin ramin zuwa kan tudun ya kai mita 20, tsawonta kuwa wajen kilomita 160, ta zagaye ƙasar Ijebu ta dā. Da hannu fa aka haƙa wannan, a cikin daji mai saiwoyi.

Mutanen wurin sun ce wata attajira ce marar ɗa, Bilikisu Sungbo, ta sa aka yi don kada a manta da ita, kabarinta kuma yana Oke-Eri. Wasu har cewa suke ita ce Bilkisun Annabi Sulaimanu (AS). Ni dai wannan bai shige ni ba. Wani Bature, Patrick Darling, wanda ya tallata wurin a 1999, ya sa aikin wajen shekara 1,000 da suka wuce, masu binciken da suka biyo baya kuma suka ce wajen ƙarshen ƙarni na 14 ne. Ko wanne ka ɗauka, tsakaninsa da zamanin Annabi Sulaimanu akwai nisa ƙwarai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na ɗan mai sayar da goro, shi ne halin masu ganuwar. A dā, Ijebu ba sa barin baƙo ya ratsa ƙasarsu da kaya zuwa Legas, sai dai ya tsaya a kasuwar iyaka irin su Oru ya sayar musu, su su kai bakin ruwa. Wannan ne ya haɗa su da Turawan Ingila, aka gwabza a Imagbon a 1892, aka ci su da bindiga mai ruwa. Bayan nan hanya ta buɗe, daga baya noman goro ya bunƙasa a Remo, kakanninmu suka biyo shi har aka kafa Sabo.

Manomin nan ya nuna mini inda titi ya datse ganuwar, da inda gonaki suka ci bakinta. Wanda zai je ya bari sai rani, domin da damina ramin santsi gare shi, kuma ya fara gaida masu ƙauyen kafin ya shiga.