Daga Ina Yajinmu Ya Fito?

Yau daga Ƙofar Durbi a birnin Katsina muke zance, kuma tarihin da za mu ɗauko yana nan cikin kwalbar yajinki.

Ko kin san barkono baƙo ne a ƙasar Hausa? Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, musamman yankin Meziko, inda aka daɗe ana noma shi shekaru dubbai. Sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ya ƙetaro teku, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan ya yi ta haurowa har ya iso mana. Gyaɗar da muke ƙuli-ƙulin yajin tsire da ita, ita ma daga Amurka ta Kudu ta zo. Har gobe mutanen Meziko suna da abincin da suke kira tako: nama ne da aka barbaɗe da barkono, a naɗe shi cikin wata 'yar gurasar masara.

To kafin barkono, da me kakanninmu ke gyara miya? Da masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda ke zuwa daga dazuzzukan kudu, sai daddawar kalwa da ake yi a gida. Kanumfari kuwa asalinsa tsibiran Indonesiya ne, sunansa ma daga Larabci muka aro. Gishiri, Buzaye ke ɗauko shi a raƙuma daga Bilma. A ƙarni na 18 Katsina babbar matattarar fatake ce, ayarin Agadas da Gadamus na sauka a cikinta. Sa'ad da Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar kasuwa ta riga ta koma Kano.

Ɗanɗanon dunƙule shi ne ɗan auta. Kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara fitar da shi a 1908, yau ga shi kusan babu tukunyar da ba ya shiga. Amma fa mafi yawan abin da ke cikinsa gishiri ne.

A nan ne tarihin ya shafe ki, uwargida. Gida ɗaya, ga maigida mai hawan jini, ga tsohuwa mai gyambon ciki, ga yara, ga mai jego, kowa da abin da jikinsa ke ɗauka. Yajin da aka aiki yaro ya sayo, ba ki san yawan gishiri da dunƙulen da aka daka a ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Saboda haka ki daka yajinki da kanki: citta, masoro, kimba, tafarnuwa da ɗan kanumfari, duk busassu sarai, babu wanda ya yi fumfuna. Kada ki sa gishiri ko barkono tukuna. Ki tankaɗe, ki raba kwalba uku. Ɗaya ki sa mata barkono da ɗan gishiri don masu lafiya. Ɗaya barkono kawai, don mai hawan jini. Ta uku ki rage mata citta da masoro tun wajen daka, don yara da wadda yaji ke tayar wa ciwo. A miya kuma daddawa ta ɗauki rabin aikin dunƙule, kamar yadda ta yi wa kakanninmu.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.