Ɗalibin Babban Digiri da Kakin Soja: Wani Ɓangare na Tarihin Jami'o'in Amurka

A ƙasarmu, duk wanda yake son zama hafsan soja hanyarsa sananniya ce. Ko dai ya nufi makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, ko kuwa ya dakata sai ya gama digirinsa sa'an nan ya nemi a ɗauke shi. Bariki daban, jami'a daban. A Amurka kuwa akwai wani tsari da ake kira R.O.T.C. a taƙaice, watau rundunar horar da hafsoshin ko-ta-kwana, inda ɗalibi yake karatunsa a jami'a, yana kuma sa kaki yana fareti, ran da ya karɓi digiri a ba shi muƙamin ƙaramin laftanar, irin wanda mu nan muke ce wa mai anini ɗaya. Maƙasudin wannan muƙala shi ne a bi sawun yadda ɗalibi mai neman digiri na biyu ya sami kansa cikin wannan runduna, da kuma yadda ƙofar da aka buɗe don shiga soja ta koma ta gudun yaƙi a 1968 da 1969.

Asalin abin yana cikin yaƙin basasar Amurka. A 1862 Shugaba Abraham Linkon ya sa hannu a kan Dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha fili eka 30,000 a kan kowane wakili da take da shi a majalisar tarayya, don ta sayar ta kafa kwaleji. Sharaɗin shi ne a koyar da aikin gona da ƙere-ƙere, a haɗa da dabarun soja. Dalili kuwa a fili yake, domin yaƙin ya tarar da gwamnati ba ta da isassun hafsoshi, ga kuma da yawa daga cikin ƙwararrun sun koma ɓangaren Kudu. Sai dai kowace kwaleji ta yi ta yin abin yadda ta ga dama, har zuwa 1916, lokacin da Dokar Tsaron Ƙasa ta haɗa su duka a ƙarƙashin tsari ɗaya mai suna R.O.T.C. Ingila ta riga su da shekara takwas, don a 1908 ne ministan yaƙinta, Haldane, ya kafa irin wannan runduna a jami'o'i, bayan wuyar da suka sha a yaƙin Buwa na Afirka ta Kudu.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjar da ta wuce ta ƙarancin hafsoshi. A ganinsu, ƙasar da duk hafsoshinta suka fito daga bariki guda, suka sha nono guda, tana cikin haɗari. Gara a riƙa cuɗa su da mutanen da suka karanta tarihi ko lissafi ko shari'a tare da farar hula. Mu da ƙasarmu ta ga juyin mulki tun daga 1966, ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan hujja. Amma fa tun farko akwai masu ƙorafi, saboda a jami'o'i da yawa horon shekara biyun farko dole ne a kan kowane ɗalibi namiji. Jihar Wisconsin ta soke dolen a 1923. A 1934 kuwa wasu ɗalibai biyu, 'ya'yan limaman cocin Methodist, waɗanda Jami'ar Kalifoniya ta dakatar don sun ƙi horon, sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, kotun ta ba jami'a gaskiya.

A duk wannan zamani babu gurbin ɗalibin babban digiri. An gina tsarin ne a kan shekara huɗu na digirin farko: biyu na share fage, biyu na horo mai zurfi wanda a cikinsa ne ɗalibi yake ɗaukar alkawarin yin aikin soja. Wanda bai shiga tun yana sabon ɗalibi ba, jirgi ya bar shi. Dokar 1964 ce ta sauya wannan. Ta kawo tallafin karatu, ta kuma ƙirƙiro gajeriyar hanya ta shekara biyu: mutum ya je sansani na mako shida lokacin hutun bazara a maimakon shekara biyun farko, sa'an nan ya zarce horo mai zurfi. Ta haka duk wanda yake da sauran shekara biyu a jami'a ya sami damar shiga, har da mai digiri na biyu da ɗalibin shari'a, don a Amurka sai mutum ya gama digirin farko yake fara karatun lauya.

Da farko ba wani dalili mai ƙarfi da zai sa irin wannan ɗalibi ya ruga. Akwai dokar shiga soja ta dole a ƙasar, amma muddin mutum yana jami'a ana ɗaga masa ƙafa. Saurayi sai ya gama digiri ɗaya ya faɗa wani, har ya kai shekara 26, wadda daga ita ba a cika kiran mutum ba. Waɗanda ba su da halin zuwa jami'a su ne suka cika jiragen da ke tafiya Biyetnam. Da surutu ya yi yawa a kan wannan rashin adalci, sai aka gyara dokar a 1967, kuma a watan Fabrairu na 1968 gwamnati ta janye ɗaga ƙafar daga sababbin ɗaliban babban digiri, in ban da masu karatun likita da makamantansu. Mai karatu ya lura da shekarar. A cikinta sojan Amurka a Biyetnam suka haura 500,000, a cikinta kuma aka kashe musu fiye da 16,000.

To, a nan ne dokar 1964 ta sami amfanin da masu yin ta ba su nufa ba. Wanda ya shiga R.O.T.C. ba a kiransa soja sai ya ƙare karatu. Lissafin mai sauƙi ne: ko ka tafi yanzu a matsayin kurtu, ko ka sayi shekara biyu ko uku, ka fito hafsa, wataƙila kafin nan yaƙin ya lafa. Ba wai hanyar ba ta da haɗari ba ne, gama ƙaramin laftanar shi ke gaban ayari a daji. Amma mai neman jinkiri ba ya raina kwana ɗaya.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Bil Kilinton. Ya gama Jami'ar Georgetown a 1968, ya tafi Okusfod ta Ingila da tallafin karatu na Rhodes. Yana can takardar kira ta same shi a 1969. Da ya komo gida hutu a watan Yuli, sai ya je wurin Kanar Eugene Holmes, shugaban rundunar a Jami'ar Arkansas, wani tsohon soja da ya sha azabar zaman fursuna a hannun Japanawa a yaƙin duniya na biyu. Suka shirya cewa zai shiga sashen shari'a na jami'ar, ya kuma shiga horon. Aka soke kiran, aka ɗaga masa ƙafa. Amma bai shiga ba. Ya koma Okusfod, har ya taimaka wajen shirya zanga-zangar ƙin yaƙin a Landan. A ƙarshen Oktoba aka mayar da sunansa cikin waɗanda za a iya kira.

Ran 1 ga Disamba 1969 gwamnatin Nikson ta jefa ƙuri'a a gaban talabijin. An zuba ranakun haihuwa 366 a cikin tulun gilashi ana zaro su ɗaya-ɗaya, wanda ranarsa ta fito da wuri shi za a fara kira. Ranar Kilinton, 19 ga Agusta, ta zo ta 311, kiran kuwa bai wuce lamba 195 ba. Bayan kwana biyu ya rubuta wa Kanar Holmes doguwar wasiƙa, ya gode masa da ya tsamo shi daga kiran, ya bayyana cewa ba son rundunar ne ya kai shi ba, ya kuma ce ya yarda a mayar da sunansa ne don kada ya ɓata gobensa a siyasa.

Masu kare shi suna cewa ai da kansa ya saki ɗaga ƙafar tun kafin ya san lambarsa. Masu sukarsa suna amsawa da cewa a farkon Oktoban nan Nikson ya riga ya ba ɗaliban babban digiri izinin ƙarasa shekarar karatu, saboda haka kasadar ba ta da yawa. A nawa ganin, duka biyu gaskiya ne, kuma babban laifin na dokar ne, wadda ta bar taga a buɗe ga mai ilmi da sanayya kaɗai. Amma wannan bai wanke shi fes ba. A wancan lokaci kowace gunduma ana yanka mata adadin samarin da za ta kawo, don haka in an tsallake wani, wani ne zai maye gurbinsa.

Abin mamaki, a daidai lokacin da wasu suke neman mafaka a cikin rundunar, wasu ɗaliban korarta suke yi. A Fabrairun 1969 malaman Jami'ar Habad suka yanke cewa darussanta ba za su ƙara shiga lissafin digiri ba, a Afrilu kuma ɗalibai suka mamaye ginin mulki na jami'ar, suna neman a fitar da ita gaba ɗaya. Ta fita, ba ta komo ba sai 2011. A Jami'ar Kent State ta jihar Ohayo an ƙone gininta ran 2 ga Mayu 1970. Bayan kwana biyu dakarun jihar suka buɗe wuta suka kashe ɗalibai huɗu, ɗaya daga cikinsu, William Schroeder, ɗan rundunar ne da kansa.

An daina kiran dole a 1973, kuma daga nan wanda ya shiga horon yana babban digiri ya shiga ne da ƙafarsa, ko don tallafin karatu ko don son aikin. Wasiƙar nan kuwa ta kwanta shekara 22, sai a Fabrairun 1992 ta fito a jaridu, Kilinton yana tsakiyar neman takarar shugaban ƙasa. A Satumba Kanar Holmes ya fitar da takardar rantsuwa yana cewa an yaudare shi. A Nuwamba Kilinton ya kayar da Shugaba Bush, wanda ya tuƙa jirgin yaƙi a yaƙin duniya na biyu, kuma ran 20 ga Janairu 1993 aka rantsar da shi, ya zama babban kwamandan sojojin Amurka.