Abincin kwikwiyo: Yadda ake zaɓensa da ƙa'idar sauya shi

Kiwon kare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mafarauta sun daɗe da shi, makiyaya na ajiye shi don tsaron garke, magidanta kuma don gadi. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne irin karnukan da ake kiwo a birane kamar Abuja da Kaduna da Jos da Kano, inda ake sayen jinsunan ƙasashen waje irin su German Shepherd, wanda aka fi sani da Alsatian, da Rottweiler da Boerboel da Caucasian da kuɗi masu kauri. Galibi ana sayo su ne suna 'yan makonni, kuma abin da suka ci a shekarar farko shi ne ke gina ƙashi da tsokar da za su rayu da su. Kuskuren da aka yi a wannan lokaci yakan bar naƙasar da ba ta gyaruwa, wani lokaci ma ya kai ga asarar dabbar.

Abu biyu ne ginshiƙin ciyar da kwikwiyo: a ba shi abincin da ya dace da shekarunsa da girman da zai kai idan ya manyanta, sannan duk lokacin da za a sauya masa abinci a yi hakan sannu a hankali.

Daga nono zuwa kwano

A makonni uku na farko kwikwiyo ba ya buƙatar komai sai nonon uwarsa. Dakashi, wato nonon farko, shi ne ke ba shi garkuwar jiki, kuma hanjinsa na iya tsotsar wannan garkuwa ne a cikin kwana guda na farko kawai. Tsakanin mako na uku da na huɗu haƙoransa na farko ke fitowa, a nan ne ake soma yaye. Ana jiƙa busasshen abincin kwiyakwiyai da ruwan ɗumi har ya yi laushi kamar fate, a riƙa rage ruwan a hankali. Yaye yakan kammala tsakanin mako na shida da na takwas, shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas.

Madarar shanu ba ta maye gurbin nonon karya. Nonon karya ya fi ta furotin da maiƙo, ita kuma ta fi shi yawan sukarin madara, wanda cikin kare ba ya narkar da shi sosai bayan yaye. Wannan ne dalilin da ya sa kwikwiyon da aka ɗura wa madara ko nono yakan kama zawo. Wanda ya rasa uwa, akwai madarar gari da aka haɗa musamman domin kwiyakwiyai.

Abin da ya bambanta abincin kwikwiyo

Idan aka auna da nauyin jiki, kwikwiyo na buƙatar kuzarin abinci kusan ninki biyu na abin da babban kare ke buƙata. Ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi ta Amurka, AAFCO, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta ƙayyade cewa abincin kare mai tasowa ya ƙunshi aƙalla kashi 22.5 cikin 100 na furotin da kashi 8.5 na maiƙo, idan aka cire ruwan da ke ciki. Na babban kare kuwa kashi 18 ne na furotin da kashi 5.5 na maiƙo. A Turai ƙungiyar FEDIAF ce ke fitar da irin wannan ma'auni.

Batun sinadarin kalsiyam ya fi kowanne sarƙaƙiya. Masu kiwo da dama na ɗauka cewa ƙara wa kwikwiyo garin ƙashi ko ƙwayoyin kalsiyam zai sa ya yi ƙarfi da girma. Binciken da aka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a kan karnuka jinsin Great Dane ya nuna akasin haka. Kafin ya kai kimanin wata shida, hanjin kwikwiyo ba ya iya taƙaita yawan kalsiyam ɗin da yake tsotsa, kuma idan ya yi yawa sai ya gurɓata tsarin girman ƙashi, ƙafafu su karkace, gaɓoɓi su lalace. Saboda haka AAFCO ta sa iyaka: abincin kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye idan ya girma kada kalsiyam ɗinsa ya wuce kashi 1.8 cikin 100. Kusan duk manyan karnukan gadin da ake yayi a Najeriya suna cikin wannan rukuni. Kwikwiyon da ke cin cikakken abinci ba ya buƙatar ƙarin kalsiyam, sai idan likita ne ya rubuta.

Akwai kuma ɗaya gefen. Nama zalla, ko nama da hanta, na ɗauke da fosfaras mai yawa amma kalsiyam kaɗan ne a cikinsa. Kwikwiyon da aka raina da shi kaɗai ƙasusuwansa kan yi rauni har su karye cikin sauƙi.

Karanta jikin buhu

Kusan duk abincin karnukan da ake sayarwa a shagunan ƙasar nan da Turanci ake rubuta bayaninsa. Abu na farko da za a duba shi ne kalmar "Puppy" ko "Growth", ko kuma "All life stages", wadda ke nufin ya dace da kare na kowane irin shekaru. Na biyu shi ne "Complete" ko "Complete and balanced", ma'ana cikakken abinci ne da kare zai iya rayuwa a kansa shi kaɗai. Wanda aka rubuta wa "Complementary" ƙari ne kawai, ba ya isa. Mai babban jinsi ya nemi wanda aka rubuta wa "Large breed puppy". Sai ranar ƙarewar wa'adi da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda alhakin sa ido kan abincin dabbobi ke cikin ayyukanta.

Kwatanta busasshen abinci da na gwangwani na buƙatar ɗan lissafi, domin na gwangwani kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Gwangwanin da aka rubuta wa furotin kashi 8 da ruwa kashi 75, idan aka cire ruwan, furotin ɗinsa ya kai kashi 32. Buhun da aka rubuta wa furotin kashi 26 da ruwa kashi 10 kuwa nasa kusan kashi 29 ne. Ke nan ƙaramar lamba a jikin gwangwani ba ta nufin ƙarancin gina jiki.

Sau nawa, kuma yaya yawansa

Daga mako takwas zuwa wata uku ana ciyar da kwikwiyo sau huɗu a rana, daga wata uku zuwa shida sau uku, bayan nan sau biyu. Jadawalin da ke jikin buhu mafari ne kawai, jikin dabbar ne alƙali. Ya kamata a ji haƙarƙarinsa da yatsu ba tare da an danna da ƙarfi ba, idan kuma aka dube shi daga sama a ga ƙugunsa ya ɗan shiga. Ƙiba ba alamar lafiya ba ce. Girman da kare zai kai gado ne daga iyayensa, cika masa ciki ba ya ƙara masa tsawo, sai dai ya sa nauyi ya riga ƙashi ƙwari. Ana ɗauke kwano bayan minti 15 zuwa 20, musamman idan abincin jiƙaƙƙe ne, domin zafi na saurin ɓata shi. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke a gabansa.

Ƙa'idar sauya abinci

Dalilan sauyi suna da yawa: an kawo kwikwiyo sabon gida, ko farashi ya tashi, ko abincin da ya saba ya yanke a kasuwa, abin da ke yawan faruwa da kayan da ake shigo da su, ko kuma ya girma. Ko ma wane ne dalili, hanjinsa na buƙatar lokaci. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin hanji da sinadaran narkar da abinci sun daidaitu da abin da ya saba ci, sauyin gaggawa kuwa kan jawo zawo da amai da kumburin ciki.

Tsarin da aka fi bi na kwana bakwai ne:

Rana ta 1 da ta 2: kashi uku na tsohon abinci, kashi ɗaya na sabo.
Rana ta 3 da ta 4: rabi da rabi.
Rana ta 5 da ta 6: kashi ɗaya na tsoho, kashi uku na sabo.
Rana ta 7: sabon abinci zalla.

Idan bayan gidansa ya yi laushi amma yana wasa yana ci, sai a koma matakin da ya gabata na kwana biyu ko uku kafin a ci gaba. Mai raunin ciki ana iya ja masa tsarin zuwa kwana 10 ko 14. Wannan na nufin dole a sayi sabon buhu tun tsohon bai ƙare ba.

Wanda ya sayo kwikwiyo ya tambayi mai sayarwa abin da yake ba shi, ya karɓi na 'yan kwanaki, ya ci gaba da shi na mako ɗaya ko biyu. Rabuwa da uwa da sauyin muhalli kaɗai sun isa su dagula masa ciki. Haka kuma ba a son a haɗa sauyin abinci da ranar allurar rigakafi ko ta maganin tsutsar ciki, domin idan matsala ta taso ba za a gane tushenta ba.

Komawa abincin manya ya danganta da jinsi. Ƙananan karnuka irin su Lhasa Apso sukan gama girma tsakanin wata 9 zuwa 12, matsakaita a wajen wata 12, manya daga wata 12 zuwa 18, ƙattai irin su Caucasian kuwa har zuwa wata 24.

Zawon da ba na abinci ba

Babban haɗarin da ke nan shi ne a ɗora wa sabon abinci laifin wata cuta. Cutar parvo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, tana kama kwiyakwiyai musamman waɗanda ba su kammala rigakafi ba, kuma tana kisa cikin 'yan kwanaki. Alamunta su ne amai a kai a kai, zawo mai wari sosai da jini a ciki, ƙin cin abinci da mutuwar jiki. Tsutsar ciki ma na kawo zawo da tulun ciki da rama. Duk kwikwiyon da ya nuna jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko dasashinsa ya yi fari, ko zawo ya wuce kwana guda, a garzaya da shi asibitin dabbobi. Ba a hana kwikwiyo abinci na tsawon yini kamar yadda ake yi wa babban kare mai ciwon ciki, domin sukarin jininsa na saurin faɗuwa.

Abincin gida da ragowar tuwo

Ba kowa ke da halin sayen abincin buhu ba, kuma karnukan gida sun daɗe suna rayuwa a kan abin da aka rage. Sai dai tuwo ko shinkafa zalla ba sa gina kwikwiyo, miya kuwa na ɗauke da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare ko da an dafa su, ga kuma gishiri da barkono. Mai son dafa wa karensa ya ware masa tukunya ba tare da kayan miya ba, ya haɗa hatsi da dafaffen nama ko kifi marar ƙaya ko ƙwai da ɗan kayan lambu, ya kuma nemi likitan dabbobi ya tsara masa awon sinadaran da za a ƙara.

Akwai abubuwan da ba a ba kare sam: cakulan, goro, shayi da gahawa, inabi da zabibi, da cingam ko alewa masu sinadarin xylitol. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yakan tsage ya huda hanji ko ya toshe shi.

Ajiya

Masara da gyaɗa da suka yi fumfuna na ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma kare na cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. Tsakanin ƙarshen 2020 da 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta samu rahoton mutuwar dabbobin gida sama da 100 bayan sun ci abincin buhu mai wannan guba. Dafuwa ba ta kashe ta, don haka hatsin da mutum ya ƙi ci saboda fumfuna bai dace da kare ba.

Zafin bazara na sa maiƙon da ke cikin busasshen abinci ya yi ɗoyi, damina kuma na kawo laima. A bar abincin cikin buhunsa na asali, a ɗaure bakin, a saka a mazubi mai murfi a wuri mai sanyi nesa da ƙasa, a kuma sayi wanda za a cinye cikin wata guda zuwa mako shida da buɗewa. Abincin da ake aunawa daga buɗaɗɗen buhu a zuba a leda ya fi araha, amma mai saye ba ya ganin ranar ƙarewar wa'adinsa, bai kuma san tsawon lokacin da ya yi a buɗe ba. Gwangwanin da aka fasa ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a firji, inda babu tsayayyen lantarki kuwa a cinye shi a ranar.

Alamar cewa abinci ya karɓi kwikwiyo a bayyane take: bayan gida mai ƙwari, gashi mai sheƙi, kuzari, da nauyin da ke ƙaruwa a hankali mako bayan mako. Idan aka samu waɗannan, babu dalilin sauya masa abinci har sai lokacin komawa na manya ya yi.