Yadda Muka Koyi Auna Sarƙaƙiyar Kod

Duk wanda ya jima yana rubuta manhaja ya san irin fayil ɗin nan da kowa ke gudun taɓawa. Yana aiki, amma mai rubuta shi ya bar wurin tuntuni, kuma da ka gyara layi ɗaya sai wani abu ya lalace can nesa. Shekaru aka shafe ana neman hanyar gane irin wannan kod tun bai zama ƙarfen ƙafa ba.

Da farko layuka muke ƙirgawa, har aka lura cewa tsawo daban, wahala daban. A 1976 Thomas McCabe ya kawo ma'aunin da ya fi kowanne karɓuwa: ƙirga rassan da kod ke bi. Fankshin da ke tafiya ɗoɗar yana da maki 1, kowane if ko while ko case kuma ya ƙara ɗaya. Ya ba da shawarar kada a haura 10. Shekara guda bayan haka Maurice Halstead na Jami'ar Purdue ya fito da nasa, mai ƙirga alamomin aiki da abubuwan da ake yi wa aikin. A 1994 Chidamber da Kemerer suka ƙara ma'aunai shida don harsuna irin su C++.

Sai dai awo bai gyara komai. A 1992 William Opdyke ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Illinois kan gyaran fasalin kod ba tare da sauya aikinsa ba, sannan littafin Martin Fowler na 1999 ya shigar da dabarar kowane ofis. Abin lura, Fowler da Kent Beck, wanda ya taya shi aikin littafin, ba su ba da wata lamba ba. Alamomin matsala suka lissafa: fankshin mai tsawon tsiya, kod da aka kwafa wuri biyu, da makamantansu.

Suna da hujja. Ɗauki switch mai mayar da lambar wata zuwa sunansa, Janairu zuwa Disamba. A ma'aunin McCabe makinsa 13, alhali ko ɗan koyo zai fahimce shi da kallo ɗaya. Madauki ɗaya mai if uku a cikin juna kuwa maki 5 ne kacal, amma sai ka bi shi da yatsa. Wannan giɓin ne G. Ann Campbell ta kamfanin SonarSource ta nemi cikewa da ma'aunin da ke ƙara maki gwargwadon zurfin sharaɗi cikin sharaɗi. A nan switch ɗin ya koma 1, madaukin ya tashi 10.

Mun kuma ga ɓarnar mayar da lamba doka. Aka ce kada a wuce 10, sai mutane suka riƙa daddatsa fankshin gida uku, sashe1, sashe2, sashe3. Na'ura ta yi shiru, mai karatu ya ƙara ruɗewa. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Shawarar Adam Tornhill a 2015 ta fi amfani: haɗa makin sarƙaƙiya da tarihin Git. Fayil mai wuya da ba wanda ke taɓawa, ƙyale shi. Wanda ake gyarawa kowane mako, can za ka fara, bayan ka rubuta masa gwaje-gwaje. Lamba za ta nuna maka inda za ka duba, amma kafin ka ce kod ya gyaru, ba abokin aikinka ya karanta, ka ji ko ya gane.