Abin da Tarihin Ƙasar Kabi ya Koya Mana

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku jama'a da masu taimako, a wannan rana ta aza harsashin masallacinmu ya kamata mu waiwayi magabata, mu ga yadda suka yi da son zuciya.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ci Birnin Kebbi a 1805, shi ne kuma ya bar runduna a 1807, domin ya ga son dukiya da mulki ya fara shiga zukatan jama'a. Ya nufi Makka, amma mutanen Kano suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su. Ya bar nufinsa saboda bukatarsu, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo gida.

Da Shehu ya rasu a 1817, aka naɗa Muhammadu Bello, ga kuwa baffansa Abdullahi da rai. Aka sami 'yar tsama a tsakaninsu. Amma da yaƙin Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo masa gudummawa. Da aka ci nasara, Abdullahi ya gaishe da ɗan wansa da sunan Amirul Muminina. Ya ƙasƙantar da kansa, daula ta zauna, sunansa kuwa bai ragu ba.

Haka nan a Argungu. Tun da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a 1849, aka daɗe ana gaba da Sakkwato da Gwandu, manomi da masunci da ɗan kasuwa duk suka sha wuya. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako har Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da bikin kamun kifi. Kowa ya haɗiye tsohon fushi, kowa ya ci riba.

To, jama'a, ba laifi ba ne mutum ya so wa kansa alheri. Laifin shi ne ya neme shi ta hanyar tauye ɗan'uwansa. Wanda ya ba da buhun siminti ko yinin aiki domin Allah, 'ya'yansa ma a nan za su yi salla, ladansa kuma na jiransa. Sai mu gyara niyya, kada neman suna ya cinye ladan.

Allah Ya karɓa mana, Ya nuna mana kammalarsa. Amin.